Mai Gangara, Mai Famfo ko Mai Fikafikai: Wace Na'urar Ƙafar da Ruwa Ta Dace da Aikinka?

Duk wanda aikinsa ya zama cire ruwa daga wani narkakken abu, ko gishiri ne, ko magani, ko ruwan sharar masana'anta, watarana zai samu kansa da takardun masu ƙera na'ura uku ko huɗu a gabansa, kowace tana nuna masa yawan tururin da za ta rage masa. Shawara biyu ce aka cakuɗa a cikin waɗannan takardu. Ta farko, wane irin jikin na'ura ne ruwanka zai ratsa ba tare da ya ƙone, ya toshe hanya ko ya lalace ba. Ta biyu, ta wace hanya za a sake cin moriyar zafin da ke fita tare da tururi. A ganina ta farkon ce a gaba, kuma halin ruwan ne ke yanke ta. Na'urar da ta fi kowace tsimi a takarda, in ana tsayar da ita kullum don wanke bututu, tsiminta ya tafi a banza.

Abin da ƙafewa ke ci

Kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar zafi kusan kilojul 419 kafin ya tashi daga digiri 0 zuwa 100 a ma'aunin Selsiyus. Amma kafin wannan kilon ya zama tururi a digiri 100 ɗin, sai ya sha ƙarin kilojul 2,257, fiye da ninki biyar ke nan, kuma ma'aunin zafi ba zai motsa ba ko kaɗan. Wannan ɓoyayyen zafi shi ne kuɗin da ake kashewa a harkar gaba ɗayanta.

A ce kana da tan 10 na ruwa a kowace awa, kashi 10 cikin 100 nasa daskararren abu ne, kana son ka kai shi kashi 50. Daskararren abun tan 1 ne, ba ya zuwa ko'ina, saboda haka abin da zai fita a ƙarshe tan 2 ne, sauran tan 8 kuwa dole su tashi tururi. Zafin da hakan ke buƙata ya kai kusan megawat 5. Ka lura da wani abu a nan, don zai yi amfani a gaba: kafin ruwan ya kai kashi 20 kacal, tan 5 daga cikin 8 sun riga sun tafi. Mafi yawan aikin ana yinsa ne tun ruwan yana tsarara, wahalar kuwa tana can ƙarshe inda ya yi kauri.

Zafin da ke ratsa bangon bututu ya rataya a kan abu uku: faɗin bangon, tazarar zafi tsakanin tururin da ke dumamawa da ruwan da ke tafasa, da kuma sauƙin da zafi ke samu wajen ratsawa. Kowace na'ura da za mu duba dabara ce ta sarrafa waɗannan ukun.

Ma'aunan da za ka auna da su

Na farko shi ne jure zafi. Ruwan da ke ɗauke da furotin ko wasu magunguna yana lalacewa in ya daɗe a kan bango mai zafi. Maganin wannan shi ne rage matsi: ruwa yana tafasa a digiri 100 a matsin kilofaskal 101, wato matsin iska na yau da kullum, amma in aka zuƙe iska matsin ya sauko zuwa 20, zai tafasa a digiri 60, a kilofaskal 12 kuwa wajen digiri 50. Sai dai rage zafi kaɗai bai isa ba, tsawon zaman ruwan a ciki ma abin dubawa ne, daƙiƙoƙi ne ko awanni.

Na biyu kauri, kuma kaurin ƙarshe ake nufi, na lokacin da ruwan zai fita, a zafin da zai fita da shi. Mutane da yawa suna kai samfurin ruwan shiga a auna, su manta cewa na'urar da na fita za ta yi fama.

Na uku, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne ɓawon da ke manne a bango. Yawancin gishiri yana ƙara narkewa in ruwa ya yi zafi, amma kalsiyam kabonet da kalsiyam salfet akasin haka suke, shi ya sa suke zaɓar wurin da ya fi ko'ina zafi, wato bangon bututu, su kwanta. Ɗauki bututu mai tsabta da ke wuce zafin wat 2,000 a kowace murabba'in mita a kan kowane digiri na tazarar zafi. In ɓawo mai kaurin milimita ɗaya tak ya kwanta, irin wanda ke wuce wat 2 a mita a kan digiri, to abin da bututun ke wucewa ya koma rabi. Rabin na'urar da ka biya kuɗinta ke nan ya daina aiki, alhali daga waje ba ka ganin komai sai ƙarancin abin da ke fita.

Na huɗu hawan zafin tafasa. Narkakken abu yana sa ruwa ya ƙi tafasa da wuri. Ruwan da ya ƙoshi da gishiri sai wajen digiri 108 yake tafasa, soda mai ƙuna mai ƙarfin kashi 50 kuwa sai ta haura 140. Tururin da ya fito daga cikinsu kuma yana komawa ruwa ne a zafin ruwa tsantsa, don haka wannan bambanci asara ce daga tazarar zafin da kake da ita.

Sauran su ne kumfa, da cin ƙarfe, da yawan awannin aiki a shekara, da ƙwarewar masu kula da na'urar. Game da cin ƙarfe, ruwa mai kulorayid, wato sinadarin da ke cikin gishirin ci, in ya yi zafi sama da digiri 60 yana iya tsattsaga ƙarfen nan mara tsatsa mai lamba 304 ko 316, sai a koma ga taitaniyam ko ƙarfe mai haɗi na musamman, soda mai ƙuna kuma nikel take so. Wannan kaɗai yana iya ninka kuɗin na'ura ko wace iri ce.

Tukunya mai rigar tururi

Ita ce mafi sauƙi: tukunya, tururi na zagaya bayanta, a zuba, a jira, a kwashe. Kuɗinta kaɗan ne, tana daɗewa, kowa zai iya koyon aikinta, wankinta ba wuya. Matsalarta ita ce in tukunya ta girma, cikinta yana ƙaruwa fiye da bangonta, sai lokacin dahuwa ya yi tsawo, abu mai gudun zafi ya lalace. Ta ƙaramin aiki ce.

Mai gajerun bututu

Wannan tsohuwar hannu ce, tun tsakiyar ƙarni na 19 ake amfani da ita, kuma har yau ana kiran wani nau'inta da sunan Robert. Gajerun bututu ne a tsaye, ruwa na tafasa a cikinsu ya hau, ya sauko ta wani babban bututu a tsakiya, ba famfo. Ƙarfinta shi ne dauriya, da kuma cewa mutum zai iya buɗe ta ya kankare bututun ɗaya bayan ɗaya. Amma tana riƙe ruwa mai yawa na dogon lokaci, kuma nauyin ruwan kansa yana cin tazarar zafi. A matsin kilofaskal 20, zurfin mita ɗaya yana ƙara kusan kilofaskal 10, sai ruwan da ke ƙasa ya ƙi tafasa sai a wajen digiri 69 maimakon 60. Digiri 9 sun tafi ba tare da an yi komai da su ba.

Mai hawa

Paul Kestner ne ya fito da ita a Faransa a 1899. Ruwa na shiga ta ƙasan dogayen bututu, ya fara tafasa, tururin da ya taso ya kwashe shi ya lulluɓa shi a bango yana tafiya sama. Ba ta buƙatar mai rarraba ruwa, tana iya jure kumfa sosai domin saurin tururi yana fasa ta. Sharaɗinta shi ne tazarar zafi mai yawa, wajen digiri 14 ko fiye, in ba haka ba tururin ba zai iya ɗaga ruwan ba. Saboda wannan sharaɗi ne aka rage sayenta a sababbin masana'antu.

Mai gangara

A nan ya kamata a tsaya, domin yawancin masu saye ita za a fara nuna musu, kuma ba laifi ba ne. Ana zuba ruwa daga sama, ya rarrabu cikin bututu masu tsawon mita da yawa, wasu sun haura 10, ya gangaro siriri a jikin bango, tururi na bin tsakiya. Tunda ruwan ba shi da zurfi, ba asarar nan da nauyin ruwa ke jawowa da muka ambata. Zamansa a bututu bai wuce daƙiƙoƙi ba. Tana aiki da tazarar zafi ta 'yan digirori kaɗan, kuma wannan ne ya sa ta dace da duk dabarun tsimin makamashi.

Rayuwarta gaba ɗaya tana hannun farantin da ke rarraba ruwa a sama. Ka leƙa saman irin wannan na'ura bayan an buɗe ta, za ka ga faranti mai ƙananan huji, kowane rukuni na huji yana ciyar da bakin bututu. In wani ɗan datti ya toshe 'yan huji, ko na'urar ta ɗan karkata tun wurin kafawa, wasu bututun za su samu ruwa kaɗan. Ruwan ya ƙafe tun bai kai ƙasa ba, bango ya bushe, abin da ke ciki ya ƙone ya manne. Bututun da ya fara toshewa kuma ƙara toshewa yake yi. Shi ya sa masu ƙera ta suke faɗin mafi ƙarancin ruwan da dole ya jiƙa kowane bututu, kuma in aikinka yana raguwa a wasu lokuta, dole a sa famfon da zai mayar da wani ɓangare na ruwan sama. Ka tambayi wannan adadi kafin ka tambayi kuɗi.

Kuɗinta matsakaici ne in aka auna da yawan ruwan da take cirewa, amma tana buƙatar gini mai tsawo da matata mai kyau a gabanta. Ba ta son ruwa mai fitar da ƙwayoyin gishiri, ba ta son kauri mai yawa.

Mai faranti

Faranti ne na ƙarfe a jere, tururi a wannan rata, ruwa a waccan. Ba ta cin wuri, ana iya ƙara faranti in aiki ya ƙaru, ana kwance ta a duba. Raunin yana wurin gaskit: roba ce, tana tsufa, kuma in ana aiki da ragaggen matsi, yoyonta iska take shigarwa ciki, ba a ganin ɗigo a ƙasa. Iska kuwa ko kaɗan ce takan taru a kan bango ta tare wa tururi hanya. Ratar faranti ƙanƙanuwa ce, ruwa mai guntattaki zai toshe ta.

Mai famfo

Dabararta ta bambanta da sauran: ba a barin ruwa ya tafasa a cikin bututu sam. Babban famfo ne ke tura shi da gudun mita 2 zuwa 3 a daƙiƙa ko fiye, matsi yana danne tafasar, ruwan ya ɗauki 'yan digirori, sai ya faɗa wani babban ɗaki mai ƙarancin matsi, a can ne yake fashewa ya saki tururi. Tunda ƙafewar ba a kan bango take faruwa ba, gishirin da ya fito yana shawagi ne a cikin ruwa, gudun kuma yana share bututu. Wannan ce na'urar gishiri da ruwan shara mai taurin kai.

Ana biyan wannan sauƙi ta hanya uku. Famfon yana shan lantarki dare da rana, domin ruwan da ake zagayawa ya ninka wanda ake ƙafarwa sau da yawa. Ƙwayoyin gishiri suna goge fikafikan famfo da lanƙwasar bututu. Ruwa kuma yana daɗewa a ciki, saboda haka abu mai gudun zafi ba nan ne wurinsa ba. Duk da haka, in ruwanka mai ɓawo ne, na fi son ka biya lantarki da ka riƙa tsayar da aiki.

Mai fikafikai

Bututu ɗaya ne mai faɗi, tururi a bayansa, a cikinsa kuma wani sanda mai fikafikai yana juyawa yana shafa ruwan a bango. Tana iya abin da sauran ba za su taɓa ba: ruwa mai danƙo, mai kauri ƙwarai, mai gudun zafi, a wucewa ɗaya. Sai dai bangonta ƙarami ne, kuɗin kowace murabba'in mita ya fi na kowa tsada, kuma akwai boris da abin hana yoyo a bakin sandan da ke buƙatar makanike mai hannu. Kuskure ne a ba ta ruwa tsararo mai yawa, an yi ta ne don matakin ƙarshe.

| Na'ura | Kuɗin saye | Dauriya | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Tukunya mai riga | kaɗan | sosai | mai sauƙi | daɗewar ruwa a zafi |
| Mai gajerun bututu | matsakaici | sosai | mai sauƙi | asarar tazarar zafi |
| Mai hawa | matsakaici | mai kyau | matsakaici | tsayawar hawa in zafi ya ragu |
| Mai gangara | matsakaici | mai kyau | tana son kulawa | bushewar bututu |
| Mai faranti | matsakaici | gaskit na tsufa | mai sauƙin buɗewa | shigar iska, toshewa |
| Mai famfo | mai yawa | famfo na gogewa | matsakaici | kuɗin lantarki |
| Mai fikafikai | mafi tsada | tana son gyara a kai a kai | sai ƙwararre | lalacewar boris da yoyo |

Gargaɗi ɗaya ya shafe su duka. In na'ura ta rage aiki, hannu yakan tafi ga bawul ɗin tururi a ƙara zafi. Wannan yana taimakawa zuwa wani matsayi ne kawai. A 1934 Shiro Nukiyama na Japan ya nuna cewa zafin da ke shiga ruwa mai tafasa yana ƙaruwa har ya kai ƙololuwa, wajen megawat 1 a murabba'in mita ga ruwa tsantsa a matsin iska na yau da kullum, daga nan sai tururi ya lulluɓe bango, shigar zafi ta faɗi. Tun kafin a kai nan ma, bango mai zafi ya riga ya ƙara saurin kwanciyar ɓawo.

Shawara ta biyu: ina tururin zai tafi

Na'ura mai ɗaki ɗaya tana cin tururi kilo ɗaya da 'yan kai don ta ƙafar da kilo ɗaya, sannan a zubar da zafin a kwandensa, inda ake sanyaya tururi ya koma ruwa. Norbert Rillieux, injiniya haifaffen New Orleans a Amurka, shi ne ya kafa mafita ta farko a masana'antun sukari na Luwiziyana, da takardun mallakar fasaha na 1843 da 1846: tururin ɗaki na farko ya dumama na biyu, wanda matsinsa ya fi ƙasa, na biyu ya dumama na uku. Da ɗaki uku, tan 8 ɗinmu za su ci tururi tan 3 da wani abu maimakon kusan 9.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙarin ɗaki ba ya ƙara yawan aiki. Tazarar zafi ɗaya ce ake rabawa. In tururinka digiri 120 ne, ɗakin ƙarshe kuma 50, kana da 70. Raba wa ɗaki biyar, kowane ɗaki ya yi asarar digiri 3 saboda hawan zafin tafasa, saura 55, kowane ya samu 11. Kowane ɗaki zai buƙaci bango kusan daidai da wanda ɗaki ɗaya tilo zai buƙata don yin aikin duka. Wato ƙarfe kake saye don ka rage mai, kuma ribar kowane sabon ɗaki ba ta kai ta wanda ya gabace shi ba.

Hanya ta biyu ita ce a sa bututun fesa, wanda tururi mai ƙarfi daga boila ke ratsawa ya zuƙo wani ɓangare na tururin da ya fita ya mayar da shi. Ba abin da ke juyawa a cikinsa, kuɗinsa kaɗan ne, tsiminsa ya yi kusa da na ƙarin ɗaki guda. Yana son boila mai matsi sosai da aiki mara yawan hawa da sauka, kuma yana da ƙara.

Ta uku ita ce matse tururin da fanka ko kwamfuresa, wadda za ka ga an rubuta MVR a takardun masu sayarwa. Ana ɗaga zafin tururin da 'yan digirori a mayar da shi ya dumama ruwan da ya fito daga gare shi. Ƙafar da tan ɗaya kai tsaye yana cin zafin da ya kai kilowat-awa 627, wannan hanya kuwa, in ruwan mai sauƙin hali ne, lantarkin kilowat-awa 10 zuwa 30 ya ishe ta, ruwan sanyaya ma kaɗan take buƙata. Amma kuɗin farko mai nauyi ne, lantarki ya fi zafin boila tsada awo da awo, tana son wuta tsayayya, kuma ɗigon ruwa in ya bi tururi ya shiga fanka zai cinye fikafikanta. Sannan in hawan zafin tafasa ya yi yawa, ko ɓawo ya kwanta, 'yan digirorin da fanka ke bayarwa sun ƙare.

Wa ya dace da wace

In aikinka kaɗan ne, ko kana sauya abin da kake sarrafawa a kai a kai, tukunya mai riga da famfon zuƙe iska ta ishe ka, kada a ja ka zuwa abin da ya fi haka.

In ruwanka mai yawa ne, tsararo, mai tsabta, ko mai gudun zafi, mai gangara ce taka. Haɗa ta da fankar matse tururi in lantarki tsayayye ne kuma na'urar za ta yi aiki mafi yawan shekara. In kuwa kana da rarar tururi daga wani sashe na masana'anta, ɗakuna uku zuwa biyar tare da bututun fesa za su fi maka. Inda rufin gini bai da tsawo, ko kana sa ran faɗaɗawa, duba mai faranti, muddin ruwan ba guntattaki.

Ruwa mai fitar da gishiri ko mai ɓawo, mai famfo, ba wata tantama. Ruwa mai kumfa ga wanda ke da tururi mai zafi, mai hawa har yanzu tana da gurbi. Wurin da gyara sai da hannu kuma ƙwararru suna da nisa, mai gajerun bututu za ta fi jure masa.

Wanda kuma ruwansa ke shiga tsararo ya fita da kauri ko danƙo, kamar misalinmu na kashi 10 zuwa 50, kada ya tilasta wa na'ura ɗaya. Mai gangara ta kwashe tan 5 ko 6 na farko da arha, ƙaramar mai famfo ko mai fikafikai ta ƙarasa sauran. Kafin ya sa hannu a kowace takarda, ya nemi a gwada ainihin ruwansa a ƙaramar na'urar gwaji har zuwa kaurin ƙarshe, a bar ta ta yi kwanaki tana aiki, sannan a buɗe ya ga bangon bututun da idonsa.